Yadda Muke Kiran Watan Janairu

Emil Sedlak bai taɓa zama jakada ba, kuma shi da kansa zai gaya maka haka tun ba ka tambaya ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana aikin hulɗa da ƙasashen waje, amma duba hotunan manya duka, ba za ka gan shi ba, sai dai gefen kunnensa a bayan kafaɗar wani. Irin mutanen nan ne da ake turawa da jaka su tsaya a baranda. In abu ya yi kyau a ce maigida ya iya aiki, in ya ɓaci a ce ai Sedlak ne ya fassara ba daidai ba.

Ɗan tela ne a unguwar Ottakring, nan cikin Vienna, babban birnin ƙasarmu Ostiriya. Yana ɗan shekara goma sha tara aka sa masa kakin sarki aka tura shi gabas, Rashawa suka kama shi, ya yi shekara huɗu yana saran itace a Saberiya. Ya dawo da harshen Rasha a bakinsa, ya baro musu yatsun ƙafa biyu. Da wannan harshe ya samu aiki a 1921, yana fassara, yana buga hatimi a fasfo, har zuwa 1938 da Jamus ta haɗiye ƙasarmu ɗungurungum. Ƙasar da babu ita ina ta ga harkokin waje? Aka sallame shi, ya koma shagon wani mai sayar da irin shuka yana rubuta sunan kabeji da albasa a jikin ambulan har yaƙi ya ƙare. Da aka kira shi a 1945 ya tarar da ofis ba gilashi a taga, kowane ma'aikaci da kujerarsa yake zuwa daga gida.

Aikin da aka ɗora masa shi ne sunaye. 'Ya'yanmu dubbai suna tsare a sansanonin Rasha, tunda kakin Jamus suka sa suka yi yaƙi, da so da ƙi. Rashawa sun yarda su ware 'yan Ostiriya su riƙa sako su a jirgin ƙasa, jirgi-jirgi, Jamusawa kuwa su jira sai ranar da Allah ya yi. Kowace Alhamis Emil zai ɗauki jakarsa ya je otal ɗin da sojojin Rasha suka mayar ofishinsu, ya zauna da wani Manjo Terentyev su daidaita jerin sunaye. A watan Oktoba na 1949 jerin da ke gabansu mutum ɗari huɗu da goma sha biyu ne. An riga an karanta sunayen a rediyo, kuma raɗe-raɗin da ke yawo shi ne daga wannan jirgi ƙofa za ta rufe. Ran Juma'a Manjo zai aika gyaran ƙarshe zuwa Mosko.

Ran Talatar makon nan wata gajeruwar mace ta shigo ofishinsa sanye da kwat ɗin namiji, hannun ya rufe mata yatsu.

"Yallaɓai, kai ne mai sunaye?"

"Ni ne, uwargida. Zauna, amma ki bi kujerar nan a hankali, ta girme ni."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce sunanta Resi Wallner, wanki take yi a Wiener Neustadt, mijinta Rupert makanike ne, an kama shi tun 1944. Ta zaro kati daga ƙirjinta ta ajiye, irin katin nan da ake barin fursuna ya rubuta kalma ashirin da biyar, ina lafiya, ina aiki, gaida Iya. Ba katin ne ya kawo ta ba. Wani da ya dawo a jirgin da ya wuce ne ya nemo gidanta ya ce mata, mijinki yana raye, amma a rumfar Jamusawa yake kwana.

"Me ya kai shi can?"

"Bakinsa mana! Ran da aka kama shi mai rubutu ya tambaye shi garinsu, ya ce Neustadt. Shi ke nan fa. Aka rubuta Jamus."

Emil ya dafe goshi. To ina laifin bawan Allah? Wa ya taɓa jin ɗan garin nan ya tsaya jan suna yana cewa Wiener Neustadt? Neustadt muke cewa, kowa ya gane. Amma kalmar sabon gari kawai take nufi, kuma a Jamus garuruwa masu wannan suna sun fi ashirin. Mai rubutun da sanyi ke cin yatsunsa, ga mutum dubu a layi, ba zai tsaya tambayar wane sabon garin ba.

"Na kawo takardar baftismarsa, na kawo ta aurenmu. An ce bayan Juma'a babu sauran magana. Gaskiya ne?"

"Haka ake faɗa."

"An ce tari yake yi, Yallaɓai, har da jini. Ba zai ga wani hunturu a can ba." Ta tura masa takardun da hannunta da sabulu ya tsattsage. "Ni ban iya roƙo ba. In za ka yi ka yi, in ba za ka yi ba ka gaya mini yanzu in kama jirgin ƙarfe huɗu."

Ya ce ta bar takardun. Bai yi mata alkawari ba, amma shi da ita duk sun san ya ɗauka.

Ubangidansa Dakta Lindegg mutum ne mai kirki in ana maganar gaisuwa. Ofishinsa kaɗai ke da murhu mai aiki, kuma daga kusa da murhun nan yake ganin duk duniya a natse. Ya saurari Emil yana goge tabarau, sannan ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka katse wa barci.

"Sedlak, Sedlak. Ka taɓa jin garin neman gira an rasa ido? Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu muka samu, da ƙyar da jiɓin goshi. Ka je ka taɓa jerin nan saboda makanike ɗaya, su ce to a sake dubawa, jirgi ya tsaya wata uku. Wa zai je rediyo ya gaya wa iyayensu? Kai?"

"Ranka ya daɗe, kuskure ne a fili."

"To rubuta takarda, ta bi hanyarta."

"Hanyarta wata shida ce, ranka ya daɗe."

"Ba ni na shimfiɗa hanyar ba. Manya suna can suna neman a sa hannu kan yarjejeniya baƙin sojojin nan da suka mamaye mu su tafi su bar mana ƙasarmu, ba lokacin tsokanar kowa ba ne. Ran Alhamis ka je ka gaida Manjo, ka duba rubutun sunaye, ka dawo. Ka ji ni?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Abin haushin shi ne mutumin ba ƙarya ya faɗa ba. Da ƙarya ce da Emil ya samu sauƙi. Ya koma gida yana juya maganar, matarsa Poldi ta zuba masa miyan busasshen wake, ta dube shi sau ɗaya ta gane.

"Wace ce kuma ta zo ta yi maka kuka?"

"Ba ta yi kuka ba."

"Ai su ne mugaye. Ka ga, Emil, kai da yatsunka takwas za ka je ka ja da Rashawa? Mutum nawa suka shiga otal ɗin nan da ƙafarsu, har yau ana jiran su da abinci? In aka mayar da kai Saberiya ni ba zan saƙa maka safa ba, ka sani."

"Ai sun san ni a can, za su ba ni gadona na da."

"Allah ya shirye ka," in ji ta, ta ƙara masa burodi.

Ran Alhamis da ƙarfe goma ya miƙa katinsa ga sojan bakin ƙofa, ya hau bene. Otal ɗin a da sarakuna ke sauka a cikinsa, yanzu warin kabeji da man takalmi yake yi. Duk hawan da zai yi sai ya ji takardun Resi a aljihun ƙirjinsa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Manjo Terentyev dogo ne, siriri, kafin yaƙi malamin makaranta ne mai koyar da Jamusanci. Bai taɓa ɗaga wa Emil murya ba, kuma wannan ne ya sa Emil ya fi shakkarsa. Suka sha shayi, suka bi jerin suna-suna har ƙarshe. Manjo ya rufe fayil ya miƙa hannu don sallama. Emil bai tashi ba.

"Yallaɓai Manjo, akwai mutum ɗaya."

"Kullum akwai mutum ɗaya. Dakta Lindegg ne ya aiko ka?"

"A'a."

"Ashe!" Manjo ya jingina, ya kunna taba. "To faɗi. Yau na ga abin mamaki, akawun Ostiriya ya zo da ra'ayinsa."

Emil ya ba da labarin tiryan-tiryan, ya shimfiɗa takardun. Manjo ya buɗe kabad ya lalubo fayil ɗin Wallner, ya karanta, ya ɗaga takardar baftisma ya duba ta a hasken taga.

"Wannan ta nuna an haifi wani Rupert Wallner a garinku. Ba ta nuna shi ne nawa ba. Irinta kuwa a bayan kasuwa ana buga goma kafin azahar, kai ma ka sani."

"Ga katinsa, matarsa ya rubuto wa, a Wiener Neustadt."

"Garin da aka cika da masana'antar jiragen yaƙi? Jamusawa nawa aka kawo aiki can suka auri matanku? Ka ga, Sedlak, abin naku yana ba ni dariya. A ƙauyenmu ban ga bambanci ba. Kaki ɗaya, harshe ɗaya, wuta ɗaya suka sa wa rumbunanmu. Sai da aka ci ku da yaƙi kowa ya tuna shi ɗan Ostiriya ne, mai kiɗa da rawa, bai san komai ba." Ya tura takardun gefe. "Kawo mini abin da ba a saya a kasuwa."

Emil ya dubi takardun. Ba shi da sauran komai. Ya sa hannu zai tattara takardun, idonsa ya faɗa kan katin, can sama inda Rupert ya rubuta kwanan wata da fensir. Tara ga Jänner, 1949.

"Yallaɓai Manjo, dubi nan. Karanta mini wannan kalmar."

"Jänner."

"Yaya ka koya wa ɗalibanka sunan watan Janairu?"

"Januar," in ji Manjo.

"To haka duk Bajamushe yake faɗa, daga teku har dutse. Mu ne muke cewa Jänner. Ba wanda ya koya wa makaniken nan ya rubuta haka don ya yaudare ka, matarsa yake wa wasiƙa. Da nono ya sha ta. Takarda tana ƙarya, hatimi yana ƙarya, amma wannan ba ta ƙarya. Ɗan Ostiriya ko wuƙa ka sa masa a wuya ba zai rubuta Januar ba!"

Kai, da ya tsaya tun kafin wannan jimlar ta ƙarshe! Amma mutum in ya ga ƙofa ta fara buɗewa da kafaɗa yake afka mata. Daɗin hujja ya kwashe shi, ya faɗi abin da ya fi gaskiya girma, kuma baki shi ke yanka wuya.

Fuskar Manjo ta sake. Malamin makarantar da ke cikinsa ya farka, ya ɗauki katin yana maimaita kalmar a hankali, yana jinjina kai.

"Wannan ta yi mini. Wallahi ta yi mini. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa ban san ta ba. Na yarda, Wallner naku ne."

"Na gode, Yallaɓai Manjo. Allah ya..."

"Dakata. Mosko ta sa hannu a kan ɗari huɗu da goma sha biyu. Suna ina iya gyarawa, lamba ba na iyawa. In Wallner zai hau, sai wani ya sauka." Ya murƙushe tabarsa ya miƙe. "Kuma tun da daɗewa nake zargin akwai Jamusawa da suka saje cikin jerin nan. Ga shi ka kawo mini ma'auni."

Kowane fursuna an sa shi ya rubuta tarihinsa da hannunsa a sansani, kuma takardun duk suna cikin kabad ɗin nan. Manjo ya bi jerin da fensir yana yi wa waɗanda aka haifa a watan farko alama. Mutum talatin da ɗaya. Ya ciro fayilolinsu ya tara a tebur, ya jawo kujerarsa kusa da ta Emil kamar abokai za su duba hotuna.

"Yallaɓai Manjo, ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Buɗe."

Na farko da lamba ya rubuta watan, ya wuce. Na biyu Jänner. Na uku lamba. Emil yana buɗewa yana addu'a a zuciyarsa, shi da rabonsa da coci tun bikin aurensa. Ya Ubangiji, lamba, lamba kawai. In duk suka wuce, ƙila Manjo ya yi dariya ya nemi wata dabara, ƙila ya ce akwai wanda ya mutu a hanya a sa Wallner a gurbinsa. Na goma ya wuce. Na ashirin ya wuce, yatsun Emil suna barin danshi a jikin takarda. A waje motar soja ta yi ta ƙugi ta ƙi tashi. Na ashirin da biyar, Jänner. Na ashirin da shida, lamba.

Na ashirin da bakwai rubutu ne mai kyau, a tsaye, irin na ɗan makaranta mai ƙoƙari. Ni Florian Kogler, an haife ni ran sha bakwai ga Januar, 1926. Emil ya yi niyyar juya shafin da sauri, amma yatsan Manjo ya riga ya sauka a kan kalmar.

"Ga shi."

"A'a, Yallaɓai, dubi garinsu, ƙauye ne a Steiermark, a tsakiyar ƙasarmu!"

"Sunan ƙauye kowa na iya haddacewa. Kai ka ce takarda tana ƙarya."

"Dubi shekarar! Shekararsa goma sha biyu Jamus ta shigo. Littafinsu ya karanta, malamansu suka koyar da shi, daga aji aka kai shi bariki. Yaran nan haka aka koya musu rubutu!"

Manjo ya dube shi tsawon lokaci, ba fushi a idonsa, ba kuma tausayi.

"Ɗazu ka ce ko da wuƙa a wuya. Da kunnena na ji. To ɗaya cikin biyu ne, Sedlak. Ko dai ƙarya ka yi mini, kalmar ba hujja ba ce, Wallner ya zauna inda yake, ni kuma in rubuta wa ubangidanka cewa ma'aikacinsa ya zo ya yaudari jami'in soja, a sake duba jerin duka. Ko kuwa gaskiya ka faɗa, Kogler ya sauka. Ni duk ɗaya ne a wurina. Kai za ka faɗa."

Emil ya kalli fayilolin biyu a gabansa. Ya nemi wata hanya ta uku bai samu ba. Ga mutum ɗari huɗu da goma sha ɗaya da ba su ji ba ba su gani ba. Ga mai tarin jini, wanda Emil ya ga matarsa, ya ga hannunta. Ga kuma Kogler, wanda ba shi da komai a ɗakin nan sai rubutu mai kyau. Matashi ne, in ji zuciyarsa, zai jure, za a rubuta takarda. Ya san lallashin kansa yake yi.

"Gaskiya na faɗa," in ji shi.

Manjo ya ja layi ɗaya da jan fensir, ya rubuta sunan Wallner a sama, ya busa takardar duk da ba tawada ba ce. Ya raka shi har bakin ƙofa yana cewa ya ji daɗin zaman yau. Emil ya sauko bene yana riƙe da ƙarfen gefe, ya fita titi, ya tsaya a bayan wata bishiya ya amayar da shayin.

Jirgin ya iso Wiener Neustadt bayan mako uku, da hantsi. Dandamalin tasha ya cika maƙil, 'yan badujala suna busa, mata sun ɗaga hotuna a kan sanduna. Emil yana tsaye da jerin a hannu. Ya ga an sauko da wani mutum ƙashi da rai daga tarago na shida, ya ga Resi ta ratsa 'yan sanda kamar ba su, ta cire kwat ɗin jikinta ta yafa masa. Ba ta yi kuka ba, faɗa ta hau yi masa. "Neustadt! Bakinka ciwo yake yi da ba za ka faɗi sunan gari duka ba? Shekara biyar, sakarai!" Shi kuwa sai dariya yake yana tari, ya kifa kai a kafaɗarta. Daga baya ta zo ta kama hannun Emil za ta sumbata, ya janye da sauri, ta ɗauka kunya ce.

Taron ya watse a hankali. Aka bar wata tsohuwa da kallabi da takalmin ƙauye, ta rungume wani ƙunshi a tsumma, tana bin taragun da babu kowa tana leƙawa ɗaya bayan ɗaya. An aika mata wasiƙar gyara, amma wasiƙar ta bi hanyarta, ba ta iso gare ta ba. Wani ma'aikacin tasha ya nuna mata Emil.

"Ranka ya daɗe, an ce kai ne mai sunaye. Kogler, Florian. A rediyo aka faɗa, maƙwabta duk sun ji. Ko barci ya yi a ciki? Tun yana ƙarami nauyin barci gare shi."

"Iya, an samu kuskure a takarda."

"Yana raye dai?"

"Yana raye."

"To alhamdu lillahi, Maryama uwar Yesu ta ji ni. Sai jirgi na gaba ke nan?" Ta dubi ƙunshin hannunta. "Kek ne na toya masa, ba zai kai ba. Kana da yara, ranka ya daɗe? Karɓi ka kai musu."

Ya karɓa, don bai san yadda zai ƙi ba. A jirgin komawa ya bar shi a kan benci, ya sauka.

Dakta Lindegg bai taɓa sanin abin da ya faru ba, lamba ta cika, shi ke nan. Emil kuwa ya rubuta takarda a kan Florian Kogler a makon nan, ya sake rubutawa bayan wata biyu. Aka canja Manjo Terentyev, wanda ya gaje shi ya ce fayil ɗin ya koma ɓangaren Jamusawa, ba hurumin Ostiriya ba ne. Ya nemo shaidar limamin cocin ƙauyen, ya nemo ta shugaban makaranta, ya haɗa ya aika. Takarda arba'in da uku ya rubuta cikin shekara shida, har abokan aiki suka sa masa suna Baban Kogler, suna tsokanarsa ko ɗan gaba da Fatiha ne ya ɓoye a ƙauye. Aka yi masa tayin aiki a ofishinmu na wata ƙasa mai rana da lemo, ya ƙi. Duk jirgin da ya iso, ko na mutum goma ne, zai tarar da tsohuwar a dandamali da ƙunshinta, ta gaishe shi da fara'a ta ce Allah ya saka masa da wahalar da yake yi. A hunturun 1953 bai gan ta ba. Ya rubuta wa limamin, amsa ta zo cikin layi uku, an riga an binne ta.

A 1955 manya suka sa hannu, baƙi suka fara naɗe kayansu, gari ya cika da ƙararrawar coci. Emil ya yi aiki shekara bakwai bayan nan, aka sallame shi da lambar yabo da laƙabin da mu mutanen Vienna muke mutuwa a kansa, ya rasu a gadonsa yana da shekara saba'in da huɗu. Amma Poldi takan ce mijinta ya gama aikinsa ne tun ran da jirgin ƙarshe ya iso, a bazarar shekarar sa hannun.

A jirgin nan Florian Kogler ya sauko. Shekararsa ashirin da tara, amma in aka ce maka hamsin ba za ka musa ba, ba haƙori a gaban bakinsa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. Ya tsaya da akwatin katako yana waige-waige. Emil ya matsa ya cire hula ya faɗi sunansa, ya roƙe shi su shiga ɗakin shan shayi na tasha, yana da magana. Suka tsaya a gaban wani tebur, ba wanda ya zauna. Emil ya faɗa masa komai, bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Katin, kalmar, fayil talatin da ɗaya, tambayar Manjo, da amsar da ya bayar.

Florian ya saurara baki buɗe.

"Sunan wata? An sauke ni daga mota a bakin ƙofar sansani, da kayana a hannu. Shekara shida ina tunanin wa ya kai ƙarata, har na daina magana da aminina. Ashe sunan wata ne?" Ya fashe da wata dariya marar daɗi. "Ka san wani abu, Baba? Malamin da aka kawo mana daga Jamus, da gefen rula yake dukanmu. Sau uku ya fasa mini yatsun nan a kan Jänner. Ya ce maganar ƙauyawa ce. Ni kuwa so nake in zama na ɗaya a aji."

"Ba na neman ka yafe mini."

"Shi ɗayan fa? Ya rayu?"

"Ya rayu. Yana da 'ya'ya biyu yanzu."

"To." Florian ya shafa kai, sannan ya ɗaga kafaɗa irin ta wanda ya gaji da mamaki. "To ai shi ke nan. Ni yanzu ba ni da ƙarfin fushi, sai na ci na ƙoshi tukuna." Ya juya yana leƙen dandamali ta taga. "Baba, kai da ka san sunan kowa, ba ka ga iyata ba? Gajeruwa ce, mai kallabi. Na san ba za ta ƙi zuwa ba, sai dai in ba a gaya mata ranar ba."

Emil ya ajiye hularsa a kan tebur. Ya jawo kujera, ya ce masa ya zauna.